Bawul ɗin Turbo a Ƙasar Rairayi: Saitin da Ya Dace da Motocin Urafane

Urafane ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa ta jihar Maradi, tana arewa da garin Tasawa, tana kuma maƙwabtaka da ƙasar Mayahi ta yamma, kuma duk motar da ta saki kwaltar babbar hanya ta ɗaya, wadda ta haɗa Maradi da Damagaram, ta nufi ƙauyukanta, to ta shiga aikin da masu ƙera motocin Turai ba su cika sa shi a lissafi ba. Akwai rairayi mai laushi da ke riƙe taya, akwai lodin gero da wake da awaki da fasinjoji a ranar kasuwa, akwai zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, sannan ga ƙurar hunturu wadda ba ta barin ko da ƙaramar kafa ba ta shiga ba. A irin wannan ƙasa ne injin mai turbo yake ƙara yawa shekara bayan shekara, kuma tare da shi ake shigo da wasu ƙananan kayan ƙari waɗanda aka ƙera domin masu sha'awar gudu a Japan da Ostareliya da Ingila, cikinsu har da bawul ɗin sakin iska mai sifirin da ake iya ɗaurewa ko sassautawa. Saitin wannan ɗan ƙarfe ya cancanci bayani a tsanake, domin yawancin ɓarnar da ake yi da shi ta samo asali ne daga ɗaukar sa a matsayin abin ƙara wa mota ƙarfi, alhali an yi shi ne domin ya kare turbo.

Turbo fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya, kowace a cikin gidanta. Hayaƙin da ke fita daga injin da zafi da ƙarfi shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga matata ta cusa ta cikin silinda fiye da abin da injin zai iya shaƙa da kansa, kamar yadda zugazugin maƙeri ke sa gawayi kaɗan ya ba da wuta mai yawa. Da yake man da injin zai iya ƙonawa ya dogara ne ga yawan iskar da ya samu, ƙaramin injin mai turbo yakan yi aikin babba. Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan motoci kafin ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962 da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair, sannan ta shiga ƙananan motocin gas da Mercedes 300SD a 1978 da Peugeot 604 a 1979. Sandar turbo na ƙaramar mota tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, wani lokaci ta ninka haka, kuma abin da ke tsakaninta da gidanta shi ne siririn shimfiɗin baƙin mai, saboda haka duk wata girgiza ko ƙwayar yashi da ta same ta tana da tasirin da ba ta da shi a sauran sassan injin.

Yawaitar turbo a garejojin Tasawa da Maradi ba zaɓin direbobin yankin ba ne, sakamako ne na dokokin hayaƙi a ƙasashen da motocin suka fito, inda kamfanoni suka rage girman injin suka cike giɓin da turbo domin su rage shan mai. Injin 1.8T na Volkswagen da Audi tun shekarun 1990, da injin 1.6 THP da Peugeot ya ƙera tare da BMW ya fara sa wa motocinsa a 2006, duk na fetur ne masu turbo, kuma su ne yanzu suka tsufa suka shiga kasuwar motocin hannu. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Nijar ta daɗe tana samun nata ta tashar Kwatano, har zuwa rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya karkatar da yawancin kaya zuwa hanyar Lome mai tsawo da tsada, kuma wannan ya sa kowane turbo da ya lalace a Urafane ya zama asara mai nauyi fiye da da, ko da za a nemo madadinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Matsalar da bawul ɗin sakin iska ke warwarewa ta injin fetur ce. A irin wannan injin akwai wani faifai a bakin bututun shigar iska, wanda totur ke buɗewa da rufewa, kuma da shi ake sarrafa ƙarfin mota. Idan direba yana tafe da ƙarfi, turbo na cusa iska, sai ya ɗaga ƙafa domin ya canza giya, faifan yakan rufe nan take, amma fankar ba ta tsayawa nan take, sai iskar da aka riga aka matse ta rasa hanyar wucewa ta komo baya ta bugi fankar da ta turo ta, ta sake yin gaba, ta sake komowa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan tunkuɗar baya ita ke ba da sautin nan mai kama da fiffikar tsuntsu da ake ji a wasu motoci lokacin canza giya, kuma kowace bugu tana jijjiga sandar gaba da baya, tana cin abin da ke riƙe ta, tana kuma rage wa fankar gudu ta yadda idan direba ya sake taka totur sai ya jira turbo ya sake ɗaukar wuta.

Bawul ɗin yana zaune a kan bututun da ke tsakanin turbo da faifan totur. A cikinsa akwai fistan ƙarami ko fatar roba, da sifirin da ke danne shi a rufe, sannan a kansa akwai siririn tiyo da ya fito daga bayan faifan totur. Lokacin da totur ke buɗe, matsin da ke ƙarƙashin fistan ɗin da wanda tiyon ya kawo samansa kusan ɗaya ne, don haka sifirin kaɗai ya isa ya riƙe shi a rufe komai yawan iskar. Da zarar faifan ya rufe, bayansa ya zama wurin zuƙa, sai tiyon ya ja fistan ɗin sama yayin da iskar da ta taru ke tura shi daga ƙasa, ya buɗe, iskar ta sami mafita. Inda iskar ke zuwa shi ya raba bawul ɗin gida biyu: irin wanda kamfanoni ke sa wa mota tun daga masana'anta yana mayar da ita bakin turbo ta sake zagayowa ba tare da ƙara ba, shi kuwa irin wanda kamfanoni kamar HKS da GReddy da Turbosmart suka yi suna da shi yana watsar da ita waje da wani huci mai ƙarfi, kuma wannan hucin shi ne abin da yawancin masu saye suke biya.

A nan ne ya kamata mai mota a Urafane ya tsaya ya yi tunani. Da yawa daga cikin injinan fetur na zamani suna da wani ma'auni bayan matatar iska, wanda ke ƙidaya iskar da ta shiga ya sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta fesa fetur daidai da ƙidayar. Idan aka watsar da iskar da aka riga aka ƙidaya, kwamfutar ba ta da labari, sai ta zuba man iskar da babu ita, injin ya shaƙe da fetur na ɗan lokaci, fulogi su yi baƙi, salansa ta riƙa tari, wani lokaci motar ta mutu daidai lokacin da direba ya taka kuloci. A kan kwalta wannan abin haushi ne kawai, amma a tsakiyar rairayi, inda mota ke rayuwa da saurin da ta ɗauko, mutuwar injin na daƙiƙa biyu na nufin sauke fasinjoji da tono taya da shebur. Illa ta biyu ta fi wannan muni kuma ba a cika ambaton ta ba, domin waɗanda suka rubuta takardun saitin ba sa zaune a ƙasar ƙura: bawul mai buɗewa waje, idan sifirinsa ya yi laushi har ya ɗan ɗaga yayin da injin ke silo, yakan zama kafar da injin ke shaƙar iska kai tsaye ba tare da ta bi ta matata ba. Ƙurar Sahel cike take da ɓarɓashin yashi mai tauri, kuma abin da ya shiga ta wannan kafa yana tafiya ne kai tsaye zuwa bangon silinda da zoben fistan. Don haka hukuncin da ya dace da wannan yanki a fili yake: bawul mai mayar da iska ciki shi ne na ƙasar rairayi, kuma wanda ya riga ya sayi mai iya yin duka biyun gara ya toshe ɓangaren waje ya haɗa tiyon komawa.

Saitin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Kafin a taɓa noti, sai an tabbatar da cewa babu tiyon da ya tsage ko maɗaurin da ya saki a duk hanyar iska, domin zafin yankin yana busar da roba da wuri, kuma yoyon iska yana kwaikwayon duk alamun bawul marar saiti, har makanike ya ɓata yini yana ɗaure sifirin da ba shi da laifi. Sai a bar injin ya yi zafi sosai, a sassauta notin da ke kan bawul ɗin zuwa mafi laushi, sannan a duba fistan ɗin yayin da injin ke silo. Lafiyayyen injin fetur a silo yana zuƙa da ƙarfin da ya kai wajen bar 0.6 ƙasa da matsin iskar waje (bar ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar waje a bakin teku), kuma wannan zuƙar ce sifirin zai yi kokawa da ita. A bawul mai buɗewa waje, ana ɗaure notin rabin juyi rabin juyi har fistan ɗin ya zauna a rufe, sannan a ƙara kaɗan domin kada ya riƙa rawa. A mai mayar da iska ciki ba a buƙatar wannan tsanani, domin ko ya ɗan buɗe a silo iskar da ke yawo tatacciya ce kuma ƙidayayya, hasali ma da yawa daga cikin na masana'anta haka aka tsara su. Bayan haka sai a ɗan taka totur a sake shi, a ga fistan ɗin ya ɗaga da sauri ya koma ya zauna kafin injin ya sauko silo. Idan ya daɗe a buɗe har injin ya yi kamar zai mutu, sifirin ya yi laushi, idan kuwa bai motsa ba sam, ya yi tauri.

Gwaji na gaskiya a kan hanya yake, kuma ba a gudu mai tsanani ba, domin idan matsi ya yi yawa kusan kowane bawul zai buɗe. Wurin da ake gane sifirin mai tauri shi ne canjin giya a matsakaicin gudu, inda turbo ya fara cusa iska amma bai kai ƙarshe ba: idan aka ji fiffikar nan, to bawul ɗin bai buɗe da wuri ba, sai a sassauta rabin juyi a sake gwadawa. Saitin da ake nema shi ne mafi laushin da ba ya kashe injin kuma ba ya barin kafa a silo, kuma wanda yake da na'urar karanta kwamfutar mota, wadda makanikai a Maradi da Damagaram suka fara mallaka, zai iya tabbatar da aikinsa ta duba ko kwamfutar tana ta rage mai ko ƙara shi domin gyara wani kuskure. Bawul mai fistan na ƙarfe yana buƙatar ɗan maiƙo domin ya zame, kuma maiƙo da ƙura idan suka haɗu sukan zama abin goge ƙarfe, saboda haka a wannan yanki kwance shi a wanke bayan hunturu yana cikin saitin, ba ƙari ba ne.

Akwai zaton da ya yaɗu cewa ɗaure sifirin sosai yana sa turbo ya riƙe iska mai yawa, wato mota ta ƙara ƙarfi. Bayanin da ya gabata ya isa ya rushe shi, tunda matsin da ke saman fistan ɗin shi ke taya sifirin riƙewa lokacin da totur ke buɗe, kuma abin da ƙarin ɗauri ke kawowa kawai shi ne dawo da tunkuɗar da aka sa bawul ɗin domin ya hana. Wasu injina irin su 1.6 THP da 2.0 TFSI ma ba su bar wa sifana wurin taɓawa ba, domin bawul ɗinsu na lantarki ne, a jikin turbo yake, kwamfuta ke buɗe shi, kuma idan robarsa ta yage maganin shi ne a canza shi da irinsa.

Sai dai yawancin motocin da ke ɗaukar nauyin Urafane da ƙauyukan Mayahi ba na fetur masu turbo ba ne. Land Cruiser da Hilux da manyan motocin kaya su ne ke shiga inda kwalta ba ta kai ba, kuma masu turbo a cikinsu kusan duk na gas ne. Injin gas ba ya sarrafa ƙarfinsa da rufe iska, yana shaƙar iska iya son ransa ne a ƙara ko a rage masa mai, don haka ba shi da faifan da zai rufe wa turbo hanya farat ɗaya (sababbi suna da wani faifai, amma aikinsa taimaka wa rage gurɓataccen hayaƙi ne da kashe injin a hankali), kuma sa masa bawul ɗin sakin iska kashe kuɗi ne a kan sauti, tare da buɗe sabuwar kafar yoyo a motar da ba ta da matsalar tun farko. Bawul ɗin da ke da muhimmanci a injin gas yana ɗaya ɓangaren ne, wato ƙofar hayaƙi, wata ƴar ƙofa a gidan fankar farko wadda ke buɗewa idan matsin iska ya kai iyakar da aka tsara, ta bar wani ɓangare na hayaƙin ya kewaye fankar ya wuce salansa, turbo ya daina ƙara gudu. Wani gwangwani mai sifirin da fatar roba ne ke tura ta ta hanyar sanda, kuma wannan sandar ce hannun makanike ke saurin kaiwa idan mai mota ya yi kukan cewa motarsa ba ta ja a cikin yashi.

Gajarta sandar yana ƙara matsi da gaske, kuma a nan haɗarin yake, domin direba yana jin bambancin tun ranar farko, ɓarnar kuwa sai bayan watanni. Iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 15 sirantaka da kusan kashi 10 cikin 100, don haka turbo a watan Mayu yana juyawa fiye da yadda zai juya a Turai kafin ya tara adadin iska ɗaya, kuma idan aka matse irin wannan iska zuwa bar ɗaya a kan na waje, takan fito daga fanka da zafin da ya kai wajen digiri 140 kafin ta shiga na'urar sanyaya ta. Wannan na'ura, mai kama da lagireto, iskar gudu ce ke sanyaya ta, ita kuwa motar da ke nishi a giya ta biyu cikin rairayi tana aiki da dukkan ƙarfinta ne a gudun da bai kai na keke mai sauri ba. A irin wannan hali ratar da masana'anta ta bari domin kariya ta riga ta ƙanƙance kafin kowa ya taɓa sanda. Tsofaffin injina masu famfon mai na ƙarfe, irin su 1HD-T da Toyota ta fitar a 1990, suna da wani sashe da ke ƙara gas idan matsi ya ƙaru, kuma idan aka haɗa gajarta sanda da buɗe famfo, kamar yadda aka saba yi, zafin hayaƙi yakan haura digiri 700 ya zauna a can, inda fistan da kan injin ke fara tsagewa. Baƙin hayaƙi a lokacin ja alama ce ta gas ɗin da ya fi iska yawa, ba alamar ƙarfi ba. Sababbi masu kwamfuta, irin su 2KD-FTV na Hilux, sukan kare kansu ta hanyar yanke ƙarfi idan matsi ya wuce ƙima, sai mai mota ya ɗauka wata sabuwar cuta ce. Mafi muni shi ne cire tiyon gwangwanin ko ɗaure ƙofar da waya, domin wannan ya bar turbo ba shi da linzami ko kaɗan. Duk wanda zai taɓa wannan sanda ba tare da geji mai nuna matsin iska ba, da wani mai nuna zafin hayaƙi, aikin makanta yake yi, kuma kuɗin gejin biyu bai kai ko kusa da kuɗin turbo ɗaya ba.

Wasu injinan, kamar 1KD-FTV mai lita 3, ba su da ƙofar hayaƙi, suna da ƙananan fikafikai ne kewaye da fanka masu buɗewa da tsukewa, kuma ciwonsu maƙalewa ne saboda toka, wanda wankewa ke magancewa, ba juya notin iyakarsu ba. Ba kuma banza ba ne ƙungiyoyin agaji da asibitoci a faɗin Sahel suka daɗe suna riƙe da Land Cruiser mai injin 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ba shi da turbo sam: ƙarfinsa bai kai na ƴan'uwansa ba, amma yana haƙuri da zafi da ƙura da man da ba a san asalinsa ba. Masu ɗora masa turbo daga baya, al'adar da ta fi ƙarfi a Ostareliya, sun san cewa fistan ɗinsa ba a yi shi domin matsi mai yawa ba, shi ya sa masu hankali a cikinsu suke tsayawa a matsi kaɗan.

Batun mai yana shiga saitin ta wata fuska. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta sa Nijar ta sami man kanta, amma a ƙauyuka har yanzu kwalba da jarka su ne gidan mai, kuma ko bayan Nijeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, wanda ya rage ribar man ruwa-ruwa da ake tsallakowa da shi, man da ya bi ta hannu da yawa yakan iso da ƙura ko ruwa ko gauraye. Injin fetur mai turbo ya fi kowane injin jin wannan, domin iska mai zafi da matsi mai yawa da fetur mai rauni su ne ke haifar da ƙwanƙwasa, wato fashewar mai kafin lokacinsa, kuma kwamfuta takan ja da baya ta rage ƙarfi domin ta ceci fistan. Sau da yawa motar da aka kawo gareji ana zargin bawul ɗinta wannan ne ke damun ta, ko kuma matatar iska ce ta toshe. Matatar da ta toshe tana sa turbo ya riƙa zuƙo baƙin mai ta gefen sandarsa, wadda aka busa da iska mai ƙarfi har takardarta ta huje kuwa tana barin yashi ya cinye bakin fikafikan fanka, kuma makaniken da ya cire tiyon bakin turbo ya haska tocila zai ga hakan da idonsa kafin ya ɗauki sifana. Haka nan motar da ta fito daga dogon ja a cikin yashi tana buƙatar minti biyu ko uku a silo kafin a kashe ta, domin da zarar injin ya tsaya baƙin mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a kan sanda mai zafi sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyar man da zai zo gobe, kuma a motar da ke wannan aiki lokacin juyen baƙin mai ya kamata ya zo da wuri fiye da abin da littafin masana'anta ya rubuta domin hanyoyin Turai.